Sanarwa: haɗa ƙwayoyin zinare ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka.

Ranar Asabar in sha Allah ƙarfe 9 na safe za mu haɗu a lab mu haɗa ƙananan ƙwayoyin zinare na nano (masu ƙanƙantar da ido ba ya iya gani), su ne za mu manna wa antibodi (sinadarin garkuwar jiki mai kama ƙwayar cuta) don gwajin gano cuta da haske. Hanyar Turkevich za mu bi, a tafasa ruwan gishirin zinare a zuba sitiret (gishirin asid ɗin lemun tsami) ana juyawa, za ku ga ya yi duhu daga baya ya koma ja, kuma in an auna ya kamata ya fi shan haske mai tsawon zango wajen nanomita 520. In ya koma shuɗi to ƙwayoyin sun dunƙule ke nan, sai an sake.

Don Allah kowa ya wanke kwalabensa tun Juma'a da aqua regia (haɗin asid ɗin nitric da na hydrochloric mai narkar da zinare), ɗan datti kaɗan ya isa ya ɓata girman ƙwayoyin. A cikin akwatin zuƙe hayaƙi kawai za a yi wankin, kuma kar a toshe bakin kwalbar. Ku zo da safar hannu da tabarau, wanda ba zai samu zuwa ba ya faɗa a nan kafin Alhamis.

Na gode sosai, Allah ya ba mu sa'a.