Wa zai riƙe Wikipedia ta Hausa idan masu rubuta ta suka gaji?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Gumel, kuma ina cikin masu rubutu a Wikipedia ta Hausa, kundin ilimin nan na intanet da kowa zai iya gyarawa. Don Allah nake yi, ba wanda ke biyana ko kwabo.

Kwanakin baya wani tsohon ɗalibina ya miƙo min wayarsa a bakin masallaci bayan la'asar. Ya tambayi ɗaya daga cikin manhajojin nan masu ƙirƙirarriyar basira labarin kasuwar Maigatari, ta zayyano masa: tana ci ranar Alhamis, ana kawo shanu da raƙuma daga Nijar. Na karanta, na ga kusan jimlolin da na taɓa gyarawa ne da hannuna, da dare, a kan tabarma, caji na shirin ƙarewa. Na ji daɗi. Amma yaron bai san daga inda maganar ta fito ba, kuma bai taɓa buɗe Wikipedia ba.

Abin da ke damuna ke nan. Tun da Jimmy Wales da Larry Sanger suka kafa ta a 2001, Wikipedia ba ta sa talla. Gidauniyar Wikimedia da ke San Francisco a Amurka ce ke ɗauke da nauyin na'urori da ma'aikata, da gudummawar masu karatu, yawanci 'yan daloli kaɗan kowane mutum. A 2025 gidauniyar da bakinta ta ce mutanen da ke shiga shafin sun ragu da kusan kashi 8 cikin 100, saboda ana samun amsa a wani wuri. To wanda bai shigo ba, ina zai ga roƙon taimako? Ina kuma zai yi sha'awar gyara ko kalma ɗaya?

Gaskiya ba na jin kuɗi zai ƙare musu gobe ko jibi. Sun buɗe asusun ajiya a 2016, ya kai dala miliyan 100 a 2021, kuma manyan kamfanoni irin su Google na biyan kuɗi don kwasar bayanan cikin sauƙi. Tsorona yana nan gida. Mu da ke rubutun, daga albashinmu muke sayen data. Mai caji na karɓar nasa. Sau da yawa sai na hau tudun da ke bayan makaranta kafin sabis ya kawo, in tura sakin layi ɗaya. Abokaina biyu da muka fara tare sun daina, ɗaya ya ce min, "Malam, data ko garin tuwo?" Ban iya ce masa komai ba.

Don haka ina kira ga Jami'ar Bayero, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, su sa ɗaliban sashen Hausa da tarihi su riƙa rubuta maƙala a matsayin aikin aji. Attajiranmu kuma su ɗauki nauyin data da ɗan faifan sola ga masu rubutu a karkara. Tallafin da gidauniyar ke bai wa ƙungiyoyin sa kai ma ya riƙa ƙetare birni. Dattijon da ya san jerin dagatan garinmu tun kakanni ya haura tamanin, kuma har yau ban gama ɗaukar maganarsa ba.

Naka,
Malamin firamare,
Masarautar Gumel, Jihar Jigawa.