Takardar Koke Kan Kafa Kyautar Shekara-Shekara Ga Matasa Masu Zanen Bugu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukuma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri.

Ranka ya daɗe, mu matasa masu zanen bugu, tare da malaman da suka koya mana, mun kawo kukanmu gabanka. Roƙonmu shi ne a kafa kyauta ta shekara-shekara domin masu tasowa a wannan sana'a.

Ana yawan haɗa mu da masu buga fosta da katin gayyata, alhali aikinmu daban ne. Mai zanen bugu yakan sassaƙa hoto a jikin katako, ko ya karce shi a faifan jan ƙarfe da aka rufe da kakin da asid ba ya ci, ya tsoma a asid har ya ci layukan. Sai ya shafa tawada, ya ɗora takarda, ya matse. A juye ake sassaƙa komai, dama ta koma hagu, kuma abin da wuƙa ta cire ba ya dawowa. In hoton mai launi huɗu ne, sau huɗu takardar za ta sha matsa, in kuwa ta goce ko da kaurin gashi ne, aiki ya ɓaci. A ƙasan kowace takarda mai zanen yakan sa hannu da fensir ya rubuta lamba, misali 3/20, wato ta uku cikin ashirin.

Sana'a ce mai asali. Littafi mafi daɗewa da aka buga mai ɗauke da kwanan wata, na ƙasar Sin na shekarar 868, da hoton bugun katako ya buɗe. A 1515 Albrecht Dürer na Jamus ya zana karkandar da bai taɓa gani da idonsa ba, aka buga, hoton ya bazu a Turai. A zamaninmu ga Bruce Onobrakpeya ɗan Nijeriya, haifaffen 1932, wanda bugu ya kai sunansa duniya.

Ga inda gizo ke saƙa. Mai zane da fenti yana iya aiki a kusurwar ɗakinsa. Mai bugun jan ƙarfe kuwa sai da injin matsi, ƙarfe ne mai nauyi da tsada wanda matashi ba ya iya mallaka shi kaɗai, sannan sai da takarda mai kauri da wurin da iska ke shiga saboda asid. A makaranta muke samun waɗannan. Ranar da ɗalibi ya gama, ranar hannunsa ke rabuwa da inji. Abin yana mana ciwo, domin mun ga abokai masu baiwa sun ajiye wuƙaƙensu a daidai wannan gaɓa, ba don sha'awa ta ƙare ba.

Shi ya sa muke roƙon kada kyautar ta tsaya a takardar yabo da ɗaukar hoto. A ba mutum uku da suka yi fice, 'yan ƙasa da shekara 35, maza da mata, kayan aiki da damar shekara guda a ɗakin bugu. Ɗaki ɗaya da inji ɗaya sun isa, in hukuma ta samar, kuma sauran matasa ma za su amfana bi da bi. A ƙarshen shekara a baje kolin abin da suka buga, tunda kowane hoto kwafi da yawa ne, mai ƙaramin ƙarfi ma zai iya saye.

Alƙalanci kuma, ranka ya daɗe, a bar shi a hannun waɗanda suka san tawada, a rufe sunayen masu gasa har a yanke hukunci. Mu a namu ɓangaren mun ɗauki alkawarin kula da injin, duk wanda ya ci kyautar kuma zai koyar da 'yan makaranta kyauta. A shirye muke mu zo da allunanmu mu buga a gabanka duk ranar da ka sa mana.

Allah ya ƙara girma, ya taya riƙo.

Mu ne masu biyayya,
Matasa masu zanen bugu da malamansu