Barka da Sallah daga Bronx, da amsar rigar nan mai lamba 99

Assalamu alaikum Gwaggo da duk mutan gida, barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana ya karɓi layyarmu. Auta na san kai za ka karanta mata, dan Allah a hankali, kar ka tsallake komai.

Mu nan Bronx ta birnin New York mun yi Idi da sassafe a masallacin 'yan uwanmu na Gana, mutanen Nima da zangon Kumasi da 'yan Nijar, Hausa ake ji ta ko'ina har na ɗan ji sanyi. Wurin ya yi kaɗan sai kashi-kashi aka yi sallar, ana idarwa kowa ya duba agogo ya nufi jirgi, don yaran makarantar gwamnati kaɗai ake ba hutu, mu masu aiki ba ruwan kowa da shaddarmu. Ragona kuwa ban ma gan shi ba Gwaggo, kuɗi na biya wa mahauci, sai jibi a kira ni in karɓo shi a leda, inji ya daddatsa shi, ba kai ba ƙafa ba fata.

Wallahi ba cin naman ne ke damuna ba, nama ai ga shi nan birjik. Suyar gobe nake tunani. Yadda ake rataye shi ya kwana ya sha iska, da safe ki sa a hura wuta a tsakar gida ki fara narka kitsen, ki ce ba mai zuba nama sai kakiden ya yi tsit ya daina ƙara, hayaƙi na shiga idonki kina juyawa da doguwar ludayin nan ba kya yarda kowa ya karɓe ki, mu muna tsugune da 'yan kwanoninmu muna jiran guntattakin da suka ƙone a gindin tukunya a barbaɗa mana yaji. Sannan wanda kike dannewa cikin mai a samira ki tura ƙarƙashin gado, sai bayan wata guda an manta ki fito da shi a sa a ɗumame. Na gwada a nan, ƙararrawar hayaƙi ce ta tashi duk benen. Kuma ɗanɗanon bai zo ba.

Toh Auta, ka tambaye ni rigar da na aiko wa yaronka, wai ta wane ɗan ƙwallo ce ba suna sai 99. Ba ƙwallon ƙafa ba ce, besbol ce, kuma su Yankees, ƙungiyar besbol ta nan New York, al'adarsu ba sa rubuta suna a baya. Hular nan mai NY da samari ke sawa a Kano, tasu ce. Filinsu na unguwarmu, jirgi mai lamba 4 da nake hawa ta gefensa yake wucewa a sama, daidai titi na 161 akwai wata 'yar kafa da kake hango ciyawar kore shar kafin ka ƙifta ido ta wuce. Wasan, ɗaya ya jefo ƙwallo da gudun tsiya ɗaya ya maka mata sanda, mutum uku kuma na can ƙuryar fili suna jira su cafe ta kafin ta taɓa ƙasa. In ta tsallake katanga ta faɗa cikin 'yan kallo shi ne hom ron. Maƙwabcina ɗan Dominika ne ya koya min, su can wasan a jininsu yake.

Mai rigar Aaron Judge ne, yana cikin ukun nan, yawanci ɓangaren dama yake tsaro. Tsawonsa ya ɗan haura mita 2, nauyi wajen kilo 128, in zai shigo zaurenmu sai ya sunkuya sosai. Yankees sun ɗauke shi a 2013 daga jami'ar Fresno, ya fara buga musu a Agusta 2016, bugunsa na farko ma hom ron ne, amma daga nan abu ya cije, rabin fitowarsa ko taɓa ƙwallon kirki bai yi ba ake fitar da shi. Ya rubuta makin nan nasa mara kyau, .179, a wayarsa yana kallo kullum. Shekarar da ta biyo ya buga hom ron 52. A 2022 suka miƙa masa kwantiragin dala miliyan 213 da rabi ya ce a'a a bari tukuna, ya je ya buga 62, ya karya tarihin Roger Maris na 61 da ke nan tun 1961 a rukuninsu, dole suka dawo da miliyan 360 na shekara 9 suka kuma ba shi kyaftin. Kar ku ma fara lissafawa da naira. A wasan ƙarshe na cin kofi na 2024 da ƙungiyar Dodgers wata ƙwallo mai sauƙi ta suɓuce masa, kofi ya tafi, unguwar nan kamar an yi rasuwa, amma ya tsaya gaban 'yan jarida bai ɗora wa kowa ba.

Amma Gwaggo ba don wannan na sayi rigar ba, nan ne nake so ki ji. Yaron nan ɗan riƙo ne. An haife shi ranar 26 ga Afrilu 1992 a Kalifoniya, washegari wasu malaman makaranta mata da miji daga wani ƙaramin gari Linden suka karɓe shi, su farare shi ruwa biyu. Sai da ya kai wajen shekara 10 ya tambaye su me ya sa ba ya kama da su, suka faɗa masa gaskiya, shi ke nan ya koma wasansa, bai canza musu ba. Uwar ba ta barinsa ya fita sai ya gama aikin makaranta. Ranar da ya buga ta 61 a Toronto aka samo masa ƙwallon, abin da masu kuɗi ke rububi, ya ɗauka ya damƙa mata a hannu. Da na ga hoton sai da na ajiye wayar. Ni ma ai a bayanki na girma tun rasuwar Umma, ban taɓa jin kin ce ɗan wani ba, kason suyata bai taɓa gaza na 'ya'yan cikinki ba, wataran ma nawa ya fi. Ba ni da abin da zan damƙa miki irin nasa, amma duk abin da nake tarawa a ƙasar nan da sunanki nake tara shi, kuma in Allah ya yarda kujerar Makka na nan tafe.

A gaida Baba, ya jikin ƙafar, ya daure ya riƙa shan maganin ko da ya ji sauƙi. A gaida Kawu na Fagge da iyalinsa. Yaya Babba ina gaisuwa sosai, na ji ke kika kwana kina wankin kayan ciki kamar kullum, Allah ya saka, ki shafa min kan 'yan biyunki ki ce musu goron Sallarsu na wurin Auta, kuma mai kukan nan a waya na gane muryarta, ita ce mai sunan Gwaggo ko? Amaryar Auta sannu da aiki. Malam na makarantar allo a ce ina neman addu'a. Inna ta gidan baya mai ƙosai, wallahi har mafarkinta na yi, a kai mata cinya guda a ce daga ni. Mutanen majalisa duk ina gaida su.

Auta gobe in an ɗora tukunya ka kira ni ta bidiyo, ko ƙarfe nawa ne a nan zan tashi, kuma ka sa wa yaron rigar in gani ko ta yi masa yawa.

Naku, ɗan Gwaggo.