Ba kowane lilo ne na ƙananan yara ba, a kafa sandar awo a ƙofa

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan an yi Sallah lafiya, Allah ya maimaita mana. Dan Allah ka ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu, akwai abin da ya tsaya min a rai tun ranar yawon Sallah, na yi ta juya shi ni kaɗai har na ga gara in rubuto ko wata uwar za ta gani kafin ta yi irin gangancin da na yi.

Washegarin Sallah na kwashi yarana uku da 'yar ƙanwata muka tafi wani wurin wasan yara a nan cikin gari, ba zan kama suna ba don abin da na gani ba a nan kaɗai ake yin sa ba. Autana shekararsa biyar da 'yan watanni. Ya hau dokunan nan masu juyawa, ya hau ɗan ƙaramin jirgin ƙasa, lafiya lau yana ta dariya yana ɗaga wa mutane hannu. Sai yayyensa suka ce su wancan babban kwalekwalen za su hau, wanda yake lilo gaba da baya har sai ya kusa miƙewa tsaye a sama. Shi ma ya kafe sai ya bi su, ka san halin auta. Na tambayi yaron da ke karɓar tikiti na ce ɗan nan zai iya kuwa? Ko kallonsa bai yi ba ya ce "Hajiya ai har da na goye ana hawa", ya yage tikitin ya ce mu shiga. Na ce to bari in hau da shi tunda ina kusa ai ba komai.

Ashe zaman da na yi kusa da shi ɗin ma wata matsalar ce. Ƙarfen da ake saukewa ya danne mutane guda ɗaya ne ga duk layin kujerar, kuma a kan cinyar wanda ya fi kowa jiki yake tsayawa, wato ni. Tsakanin ƙarfen da cinyar yaron akwai fili ya kai taƙi guda, ƙafarsa kuma ba ta taɓa ƙasa, tana reto. Lilo na farko da na biyu ba komai, a na huɗu ko na biyar da abin ya ɗaga mu sama ya sako, wallahi da idona na ga mazaunansa sun bar kujera ya fara zamewa ta ƙarƙashin ƙarfen, ga sabuwar shadda mai santsi a jikinsa. Wuyan rigar na damƙa da hannu ɗaya, ɗaya hannun na riƙe ƙarfe, hularsa ta yi sama ban ma san inda ta faɗa ba. Ina ihu a tsayar a tsayar amma wa zai ji, kiɗa na tashi a sifika kuma kowa a ciki ihu yake yi, ihun daɗi da ihun neman ceto duk ɗaya ne a kunnen wanda ke ƙasa, shi kuwa mai kunna injin kansa na kan waya. Sai da lokacinmu ya cika aka tsaya. Muka sauko yaro ya jiƙa wando, ya yi amai, jikinsa na ta kyarma, kwana uku yana firgita cikin dare yana riƙo ni.

Laifin farko nawa ne, na yarda, ni na haife shi kuma ni na ɗora shi. Amma da akwai doka a ƙofar nan da ba a bar ni na yi kuskuren ba.

Abin da na fahimta daga baya shi ne mu a nan shekaru muke tambaya, ko kuma mu duba mu ce ai yaron yana da wayo, ai ba shi da tsoro. Injin bai san wayo ba. Kujera da bel da ƙarfen kafaɗa duk an ƙera su ne a kan wani girman jiki, in jikin bai cika wurin ba to ba abin da ke riƙe da shi. Shi ya sa a ƙasashen da suka daɗe da wannan harka tsawo ake aunawa, sanda ce a kafe a bakin layi, in kanka bai kai ba ko ɗan waye kai ba za ka hau ba. A wurin wasan Disney da ke Florida a Amurka, jirgin da suke kira Space Mountain sai yaro ya kai santimita 112, manyan jiragen nan masu gudu kan dogo suna juya mutane kai a ƙasa kuwa, a wuraren wasa daban-daban, da yawansu sai santimita 122, wasu ma 137. Yaro ɗan shekara biyar yawanci wajen santimita 110 yake, 122 kuwa sai wajen shekara bakwai. Mu kuma kowa ya sani yaranmu da yawa jikinsu bai kai shekarunsu ba, za ka ga ɗan shekara takwas kamar ɗan shida, to ka ga tambayar shekaru ba ta da amfani ke nan.

Sannan akwai maganar wuya. Kan ƙaramin yaro babba ne in aka gwada da sauran jikinsa, jariri ma kansa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na tsawonsa, wuyan kuma bai yi ƙwari ba. Waɗannan injina fizga suke yi, su tsaya farat ɗaya, su juya, a wasu wuraren nauyin mutum kan ninka sau uku ko fiye a kan kujera. Babba zai ƙanƙame jiki ya tokare ƙafa don ya san abin da ke zuwa, yaro kuwa kansa kawai ke wuntsilawa gaba da baya. Ko motocin karon nan da muke rainawa, in wani ƙato ya taho da gudu ya daki motar da ɗan shekara uku ke ciki, bakinsa ne zai haɗu da sitiyari. Kuma babba in ya tsorata ƙara riƙe ƙarfe yake yi, ƙaramin yaro in ya tsorata neman sauka yake yi, ya miƙe ko ya zame ya nufi wurin uwarsa, bai san yana sama ba. Wannan shi ya fi ba ni tsoro.

Kada a ce ko Hajiya ta cika tsoro ne. A watan Satumba na 2021 a jihar Colorado ta Amurka wata yarinya 'yar shekara shida ta rasu a wani injin da ke sako mutane ƙasa daga tsawon ƙafa 110. Bincike ya nuna a kan bel ɗin ta zauna, ba a ɗaura mata ba, na'ura ta nuna akwai matsala amma ma'aikatan suka share gargaɗin suka kunna. A watan Maris na 2022 kuma a birnin Orlando na Amurka wani yaro ɗan shekara 14 ya faɗo daga wani dogon injin ya mutu, shi jikinsa ne ya fi ƙarfin kujerar, nauyinsa ya wuce kilo 130 da masu ƙera injin suka ƙayyade, kuma an taɓa saitin kujerar don ta ɗauki masu jiki. To in a can da suke da dokoki da masu zuwa dubawa haka ta faru, mu da ranar Sallah yaro ɗaya ne ke karɓar tikiti ya sauke ƙarfe ya kunna inji, ga ɗaruruwan yara na turereniya, a kan me muka dogara?

Na san za a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, na yi imani da ƙaddara, amma ai an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Iyaye 'yan uwana, musamman iyaye maza, dan Allah a daina cewa yaro "kai ba namiji ba ne?" A ranar nan na ga wani bawan Allah yana jan ɗansa da bai fi shekara shida ba, yaron na tirjewa yana kuka, shi kuma yana cewa na biya kuɗi sai ka hau, ga ƙanwarka ma ta hau, ya zaro waya zai ɗauki bidiyo. Wannan ba koya jarumta ba ce. Yaron da ya tsaya ya kalli inji ya ce Baba ina tsoro, gaskiyarsa ya faɗa, kuma ko tsawonsa ya kai in ransa bai so ba a ƙyale shi, baɗi ko baɗin baɗaɗa da kansa zai ce zai hau. Kuɗin tikiti nawa ne gaba ɗaya? Haka mu mata da muke roƙon mai ƙofa "dan Allah ka bar shi, tare da yayarsa ne", yayar nan shekararta goma sha ɗaya, ita kanta ta kanta take yi in abu ya ɗau gudu. Wasu yaran ma ba babba ko ɗaya tare da su, sun tara kuɗin barka da Sallah sun shigo Keke Napep su shida, babbar cikinsu da goyo a baya.

Masu wuraren wasa kuma, ba na ƙin sana'arku, yaranmu na buƙatar inda za su je su sake, ba mu da wuraren da yawa. Amma sandar awo katako ce da fenti. Kowane inji ya zo da takardarsa daga kamfanin da ya ƙera shi, an rubuta tsawo da nauyin da aka yarda, ku rubuta shi ɓaro-ɓaro da Hausa a bakin ƙofa har da hoto saboda waɗanda ba sa karatu. A sa mutum biyu a kowane babban inji, ɗaya ya bi kujera-kujera ya ja bel da hannunsa, ɗaya idonsa na kan fuskokin yara yatsansa na kusa da makashin injin, a rage ƙarar kiɗa, kuma a mayar wa uwa kuɗinta in an hana ɗanta hawa don kada ta tsaya musu. Hukumomin jiha da ke ba su izini su ma su riƙa zagayawa kafin Sallah, ba sai an yi asarar rai a fara kafa kwamiti ba.

Malam Edita ina roƙonka ka tura wakilinku ya zaga wuraren nan kafin Babbar Sallah, ya tsaya a bakin layi ko na awa ɗaya ya ƙirga inji nawa ne ke da ma'auni, ya tambayi masu kunnawa wane horo aka ba su, ku buga mana abin da ya gani. Ni dai da muka dawo gida na ari tef ɗin awo wurin telar da ke maƙwabtaka da mu na tsayar da autana jikin bango, santimita 108 ne. Na ja layi da biro a kan 122 na nuna masa na ce sai ranar da kansa ya taɓa nan za mu sake maganar babban lilo, kuma ko a ranar sai in shi ya ce yana so.

Na gode, Allah ya ƙara ɗaukaka jaridarku.

Daga wata uwa a Kaduna