Rahoton Ayyukan Shekara: Rajistar Makabarta da Salsalar Gidajen Garinmu

Assalamu alaikum. Mai girma Dagaci, Malam Liman, iyayenmu dattawa da sauran 'yan uwa, ga bayanin abin da ƙungiya ta yi a bana da abin da ya gagare ta.

An yi tarukan wata-wata kamar yadda aka saba, ban da na watan azumi.

Babban aikin da aka ɗora wa kwamiti shi ne buɗe rajistar makabarta. Kowa ya san ba mu gaji rubuta sunan mamaci ba. Alamar kabari a wurinmu ba ta wuce fasasshiyar tukunya ko guntun icce, kuma damina biyu ko uku ta isa ta shafe ta. Tun 1992 doka ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, amma a karkara ba a neman takardar shaidar mutuwa sai banki ko ofishin fansho ya buƙata. Saboda haka abin da muke nema yana cikin kawunan dattawa da masu haƙa kabari. Da wasu suka kawo maganar hadisin da ya hana rubutu a kan kabari, Malam Liman ya ba da shawarar a raba makabartar sahu-sahu, a riƙa shigar da suna da lambar sahu cikin littafi, ba tare da an kafa allo ba. A kan haka ake tafiya, kuma duk wanda aka binne a bana yana cikin littafin.

Abin da ya fi faranta mana rai shi ne zaman dattawa da aka yi kwana uku bayan Babbar Sallah, lokacin da 'yan ci-rani da mazauna Kano da Dutse suke gida. Maza suka zauna a ƙofar Dagaci, iyayenmu mata kuma a cikin gida, inda malamai mata biyu suka riƙe rubutu. Ko da yake mata ba sa raka gawa, a wurinsu aka fi samun salsala, domin su suka riƙe wace ce ta haifi wane, daga wane gari aka auro ta, da 'ya'yan da suka rasu kafin yaye waɗanda maza suka daɗe da mantawa. Ba wanda ya faɗi shekara da lamba. Sai a ce wane ya rasu zamanin Sarki Alhaji, wato Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarautar Kano daga 1926 zuwa 1953, lokacin da ƙasar Ringim take ƙarƙashin Kano. Ko a ce shekarar da mota ta koma hannun dama, 1972, ko shekarar da aka canza kuɗi zuwa naira, 1973. Wani dattijo ya ji daga mahaifinsa cewa gefen tsamiya na waɗanda yunwar Kakalaba ta 1914 ta ɗauke ne, masu haƙa kabari kuma suka nuna sahun da aka cika lokacin sanƙarau na 1996. Daga bisani gidan tsohon Liman suka fito da wani littafin fiƙihu na hannu wanda aka rubuta rasuwar wasu malamai da ajami a gefen shafukansa, da wata da shekarar Hijira. An ɗauki hotonsa da waya aka mayar musu da kayansu. Gidaje biyu da suka ɗauka aure kaɗai ya haɗa su sun tashi daga zaman da sanin kakansu ɗaya.

Katangar makabarta ba ta gama ba, kuma tunda ana ta magana a majalisu, ya dace a ji dalili. Kuɗin da aka tara an ƙiyasta shi ne da tsohon farashin siminti, kuma waɗanda suka yi alkawarin bulo a gaban jama'a har yau ba a ga bulonsu ba. Kwamiti ya zaɓi ya fara da ɓangaren gabas, inda ambaliyar 2022 ta zaizaye kaburbura kuma nan ne hanyar shanu. Wanda ya ce an yi son kai ya je ya duba wurin. Tafiya Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, domin duba takardun haraji na zamanin En'e, ita ma ba ta yiwu ba, domin ba mu ga dacewar taɓa kuɗin katanga a yi kuɗin mota ba. Kwafe bayanan dattawa cikin babban littafi ya tsaya a Unguwar Maƙera, tunda mutum biyu ne kawai suke yi bayan sun taso daga gona.

Maganar kuɗin wata kuwa, waɗanda suka biya cikakke ba su kai rabi ba. Abin takaici, masu yawan tambaya a WhatsApp ko an gano kabarin kakansu su ne ba sa ɗaga waya idan ma'aji ya kira. Mu ma aikin sa kai muke yi, ba albashi muke karɓa ba. Ma'aji zai karanta sunayen masu bashi a taron wata mai zuwa, sai wanda ya biya kafin ranar. Ana kuma neman matasa huɗu masu kyan rubutu, ɗaya daga cikinsu ya iya karanta ajami, su ba da sunansu bayan sallar Juma'a.

Wassalam,
Sakataren Ƙungiya