A bar gicciyen Nevern inda aka kafa shi

Ranka ya daɗe Edita,

Gaisuwa da fatan alheri. Na saurari shirinku na makon jiya kan tsofaffin duwatsun gicciye da ke harabar coci-coci a yankin Wales na Birtaniya, inda baƙonku ya ce gara a kwashe su kaf a kai gidan tarihi kafin ruwan sama ya cinye su. Ni dai ban yarda ba.

Bara na kai yarana ƙauyen Nevern da ke Pembrokeshire. Sai ka ratsa inuwar wasu tsofaffin itatuwa tukuna, sannan ka tarar da dutsen tsaye a gefen cocin Brynach. Tsawonsa kusan mita 4 ne, an sassaƙa shi tun ƙarni na 10 ko na 11. Zanen jikinsa kamar saƙar tabarma, igiya ta shiga nan ta ɓulla can. Ƙaramar 'yata ta yi ta bin zanen da ido har bakin zaren ya ɓace mata. Mutanen wurin kuma suna da labarin cewa ran 7 ga Afrilu, ranar waliyyinsu Brynach, tsuntsun da ke shelar fitar hunturu a kan wannan dutsen yake fara kuka. To in an kai dutsen gidan tarihi a Cardiff, a kan me tsuntsun zai sauka?

Kuma ba kara zube aka bar irin waɗannan duwatsu ba. Da yawansu suna cikin jerin wuraren tarihi sama da 4,000 da doka ta kare a Wales, ba mai gyara ko gusar da su sai da izini. Hukumar Cadw, wadda aka kafa a 1984, ita ke sa ido, har ma tambarinta daga irin wannan gicciyen da ke ƙauyen Carew aka ɗauko shi. Ai hannun mutum ya fi ruwa ɓarna: a 1643 majalisar Ingila ta ba da umarnin rushe gicciye, kuma a coci da dama yanzu gindin kawai za ka gani.

In dutse ya fara zaizayewa, a yi yadda aka yi a Llantwit Major. Sun gyara wani kango da ke manne da cocinsu a 2013, suka shigar da duwatsunsu ciki, ba su bar garin ba. Don Allah ku gayyato wani daga can a shiri na gaba.

Naku,
Mai sauraro daga Swansea