Rahoton Kwamitin Gyaran Gidajen Ƙaramar Hukuma

Assalamu alaikum. Kwamitin da aka ɗora wa gyaran rukunin gidaje goma na ƙaramar hukuma ya kammala aikinsa, ga kuma bayani.

Mazauna gidajen sun sha tambayar dalilin da aikin ya riƙa tafiya yana tsayawa. Kuɗin gyara ba a aljihun shugaban ƙaramar hukuma suke ba. Kason wata-wata daga Abuja yake fitowa, kuma sashe na 162 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, inda kuɗin suka saba yada zango. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kai tsaye. Amma ko ta ina kuɗi suka biyo, albashi ake fara cirewa, gyara ya samu ragowa. Shi ya sa muka raba aikin kashi uku, muka sa rufi a gaba don kada damina ta riske mu.

Akwai kuma ƙa'idar NFIU, hukumar da ke sa ido kan zirga-zirgar kuɗi a ƙasa. A 2019 ta taƙaita cire tsabar kuɗi daga asusun ƙaramar hukuma zuwa naira 500,000 a rana, daga 1 ga Maris 2023 kuma aka hana cire tsaba daga asusun gwamnati baki ɗaya. Don haka mai siminti da mai katako duk ta banki aka biya su. Leburorin da ba su da asusu an biya su ta hannun shugaban magina, kowa ya dangwala yatsa a takarda. Akwai jinkiri, amma kowane kwabo yana da sawu.

Da aka kware tsohon kwano, mun tarar gara ta cinye katakon da ke kwance a kan bango, ga shi ba a ɗaure shi da ginin ba, abin da ya sa iska ke ɗaga rufin. An sa sabon katako, an shafe shi da maganin gara, an ɗaure shi da rodi cikin kankare. An ɗora kowane falle a kan na ƙasansa da inci 6, a gefe kuma tudu biyu. Ƙusa a kan tudu ake buga ta. Masu aikin baya a kwari suka buga, inda ruwa ke bi, kuma nan ne asalin yoyon da ya ruɓar da silin.

A bango an kankare filastar da danshi ya ci har zuwa mita ɗaya daga ƙasa, aka sake ta da buhun siminti ɗaya ga kwanon sarki takwas na yashi. A gidaje biyu ta tsattsage. An yi ta cikin hunturu, ban ruwan da ya kamata ya kai kwana bakwai ya tsaya a kwana biyu, saboda mai kawo ruwa ya janye yana jiran kuɗin kashi na uku su shigo. An farfashe an sake, wannan karon sai da aka cika durom-durom kafin magini ya ɗauki cokali.

Ramin sokawe na gida na bakwai ya rufta bayan an amince da kiyasi, kuma ba a karkatar da kuɗin wani aiki zuwa wani sai da sahalewa. Mun rufe bakinsa da katako, mun miƙa takardar nema. A hana yara wasa a wurin.